Jarkar Tuffa da Hancin Malam

A Makka aka haife ni, a unguwar Tandabawi. A nan na yi wayo, a nan aka yi mini aure, a nan na haifi 'ya'yana huɗu, kuma har na ba shekara arba'in baya ban san warin giya ba. Ba alfahari nake yi ba, wanda bai taɓa ganin kogi ba ai ba a yaba masa don bai nutse ba. Sunanta dai muna ji a wa'azi, wani lokaci kuma a ce an kama wasu a wani gari suna dafa ta a banɗaki, mu ce a'uzubillahi, mu ci gaba da gyaran ganyen miya. Ni a tunanina baƙa ce wuluk, tana hayaƙi, duk wanda ya doshe ta zai san ita ce. Babu wanda ya taɓa gaya mini tana iya shigowa gidan mutum da launin ruwan tuffa, a cikin jarkar da shi da kansa ya wanke.

Mijina kuwa ya san ta. Ban gano haka ba sai a makon da zan ba da labarinsa, amma gara in faɗa tun yanzu, don a gane irin gumin da bawan Allah ya yi.

Kafin ya zo Umara ya zauna, direban babbar mota ne tsakanin Kano da kudu. Shekara shida ya yi yana shan ta, kuma ba mai tsada ba, irin wadda ake aunawa a ƙwarya a bayan tasha, da ta kwalba mai arha wadda aikinta kawai ta kayar da mutum da wuri. Ya tuba, ya zo nan, ya samu igama, takardar izinin zama, ya kama tuƙin motar 'yan makaranta, ya tsayar da gemu. Da ya zo neman aurena, mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya zaunar da shi a kan darduma ya yi masa tambaya uku. Kana salla a kan lokaci? Kana da wata matar da ka ɓoye a gida? Ka taɓa kai kayan maye bakinka? Ya ce e, ya ce a'a, ya ce a'a. Biyu gaskiya, ɗaya ƙarya, kuma a kan ƙaryar nan muka yi shekara ashirin da shida muna zaune lafiya.

Malam nake ce masa, don Alhaji a garin nan ba ya bambanta kowa da kowa, har magen unguwa ta yi aikin Hajji. Kuma sunan ya dace da shi. Akwai wani ruwan sha'ir da ake sayarwa a kowane kanti a nan, a koriyar kwalba, babu maye a cikinsa ko ɗigo, yara ma suna sha. Malam ya hana shi shiga gidanmu. Ranar da babban ɗanmu ya shigo da ɗaya, sai da ya sa shi ya sauka bene uku ya jefar da ita a bola. Ya ce kwalbar ce ba ya son gani. Ni kuma na ɗauki wannan na yi ta yawo da shi a bakina. Duk taron mata sai na ce, "Ni nawa mijin ko mai kama da ita ba ya iya kallo, ballantana ita." Matan su ce masha Allah, wasu su harari ƙasa suna tuna nasu mazajen. Inna, mahaifiyata, ta fi ni ma. Ita ce take cewa da surukai irinsa ne suka cika duniya da an rufe gidan yari.

Abin ya faro ne daga gwiwata. Maƙwabciyata ta bene na biyu, wadda take sayen ragowar 'ya'yan itace a kasuwa tana kasawa a bakin titi, ta ce mini khal na tuffa, ruwan tsamin nan da ake sa wa abinci, yana maganin ciwon gwiwa, ta kuma kawo mini kwali guda na tuffar da ta fara laushi, wadda ba mai saye. Ƙaramar 'yata ta buɗe mini waya muka kalli wata mata tana koya yadda ake haɗa khal a gida. A yanka tuffa, a zuba ruwa, a sa sukari kaɗan, a rufe bakin da ƙyalle mai shan iska, a bar shi kwana arba'in.

To ni karatuna bai yi nisa ba, amma a kicin ba na karɓar umarni daga matar da ban san gidansu ba. Sukari kaɗan? Na ce wannan rowa ce, na juye kilo biyu. Na tuna subiyar da Inna take yi mana da azumi, ruwan sha'ir da busasshen burodi da ake jiƙawa kwana biyu, na ce ai ita ma zabibi ne yake ba ta armashi, na watsa hannu uku. Batun ƙyalle kuwa dariya ya ba ni. Wannan mata ba ta san kyankyason Tandabawi ba, wanda zai ɗaga ƙyallen ya shiga ya yi wanka ya fito ya mayar da shi yadda yake. Na samo jarka babba mai murfi, na ɗaure ta tam, na kai ta lungun baranda inda zafin Makka yake sauka ba ya tashi.

Kwana uku sai ga jarka ta yi ciki. Na sassauta murfin, ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, na mayar na ɗaure. Kullum da safe haka muke yi ni da ita, kamar gaisuwa.

Ranar kwana na goma sha biyu, wata Juma'a, haƙurina ya ƙare. Na tace kaɗan a kofin shayi na kurɓa. Zaƙi-zaƙi, tsami-tsami, yana cizon harshe kamar lemon kwalba, sai kuma wani ɗumi ya gangara ƙirjina ya nemi wuri ya zauna. Na ce khal dai bai yi ba, amma Allah ya ba ni abin da ya fi khal. Na ƙara kofi na biyu. Kafin la'asar gwiwa ta yi shiru. Na wanke tukwane ina waƙar da rabona da ita tun ina budurwa. Na kira matar yayana da ke unguwar Zahir, wadda muka yi wata biyar ba ma magana saboda wata tukunya da ta ara ta dawo da ita babu hannu, na ce na yafe mata duniya da lahira, har na yi kuka. Ta ce, "Lafiyarki kuwa?" Na ce ban taɓa jin lafiya irin ta yau ba.

Na miƙa wa 'yar tawa, ta sansana ta yamutsa fuska, ta ce da Larabcinta warin baƙo ne, ita ba ta shan abin da ba shi da takarda a jikinsa. Na ce 'ya'yan zamani, ku dai Allah ya shirye ku.

Daidai lokacin kuma muna shirin walima. Inna, da shekara saba'in da wani abu, ta sauke Alƙur'ani a makarantar matan unguwa, bayan shekara tara tana bin baƙi da yatsa. Aka sa ranar Alhamis bayan la'asar, a falona, mata kusan talatin da malamarsu. Nan take na san abin da zan ba su. Na ɗaga waya na fara shela. Na ce su zo da gwiwoyinsu da bayansu da duk inda yake musu ciwo.

Ranar Asabar Malam ya dawo, na sa masa abinci, yana cikin ci na shigo da kofin a kan faranti kamar mai kawo kyautar amarya. Ban kai tsakiyar falo ba na ga ya ɗago kai. Lomar da ya ɗauko ta tsaya a hanya. Fuskarsa ta yi irin ta wanda ya ji muryar mamaci a bayan ƙofa.

"Mene ne wannan?"

"Maganin gwiwa. Da hannuna na haɗa. Kurɓa ka ji."

Ya ja da baya har sai da ƙeyarsa ta taɓa bango. "Ina azumi."

"Da hannunka cikin miya, Malam?"

Ya dubi hannun kamar na wani ne aka ara masa. Ya ce yana nufin gobe zai yi, yana so ya fara sabawa. Na ce to, na ɗaga kofin na shanye a gabansa, na yi gyatsa na yi hamdala. Ya runtse ido. Na ce masa ranar Alhamis ma ita zan ba Inna da baƙinta. Ya tashi bai gama cin abincin ba.

Daga nan ya shiga wani hali da sai daga baya na gane shi. In ya yi shiru, matarsa za ta shayar da tsofaffi talatin da malamarsu giya a walimar saukar Alƙur'ani, tafiyar ƙafa daga Harami. In ya faɗa, sai an tambaye shi ina ya sani. Ga shi ba zai iya ɗaukar kofi ya kai wa wani a waje ya ce sansana mini ba, don daga nan sai askarawa, 'yan sandan ƙasar, daga askarawa sai jirgin mayar da mutum gida. Ga ni kuma ba na fita. Ni mace ce ta gida, in ba Harami ko asibiti ba, sai in yi wata ban taka titi ba, kuma daga inda nake zama ina hangen barandar.

Ranar Lahadi ya biyo ta hanyar likita.

"Hajiya, ba an hana ki sukari ba?"

"An hana ni shinkafa ma. Ka ga na daina dafa maka?"

Ranar Litinin ya matso kusa da gaskiya, ya tsaya a bakin ƙofarta. Yana gyara zaman hularsa ya ce ya taɓa jin ana cewa irin waɗannan abubuwa in suka daɗe a rufe suna iya juyawa su zama wani abu.

"Wane abu?"

"Abin da bai kamata ba."

"Wai giya kake nufi?" Na yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, tuffa ce da zabibi. Inna shekara hamsin tana jiƙa subiya, ka taɓa ganin ta tana tangaɗi? Kai da ko kwalbar ruwan sha'ir ba ka iya kallo, kai ne za ka koya mini giya? Ka taɓa ganin ta ne?"

Ya buɗe baki. Ya mayar ya rufe. Ya ce, "Ji dai na yi."

"To ji ba gani ba ne. Miƙo mini wancan kofin."

Ranar Talata na koma barci bayan asuba, don maganin nawa ya gyara mini barci ƙwarai, na farka na tarar babu jarka. Na duba baranda, na duba bayan firji, har ƙarƙashin gado na leƙa. Sai da azahar ga Malam ya shigo da ita rungume, an naɗe ta da tsohon bargo, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi kamar an tsamo shi daga rijiya. Abin da ya faru, kamar yadda ya ba ni labari daga baya, ya ji tsoron juye ta a gida saboda wari, sai ya sa ta a bayan ƙaramar motarsa da niyyar ya zubar a wani kango. Ya je kangon farko ya tarar da ma'aikata suna shan shayi. Ya nufi wajen unguwar Shisha, duk inda ya tsaya sai ya ga ido, ko na mutum ko na kyamara. Ya ce bari ya fita bayan gari, sai ya hango shingen bincike a gaba, motoci sun yi layi. Mutum mai gemu, mai igamar tuƙin 'yan makaranta, da jarkar giya a but, rana kuma ta dake ta, ta kumbura tana tsaki a bayansa kamar tana kiran askarawan da kanta. Ya ce bai san ya haddace addu'o'i da yawa haka ba sai ranar. Ya samu wata kwana ya juya, ya dawo da ita inda ya ɗauko ta.

Ni kuwa da na gan shi da ita, zuciyata ta yi sanyi. Na ce, "Allah sarki Malam. Ashe kana so, kunya ce ta hana ka sha a gabana. Abokan aikinka ka kai wa? Sun yaba?"

Ya ajiye ta a hankali, ya ce, "Hajiya, ki ji tsoron Allah," ya shige banɗaki. Na ce oho, namiji dai ba ya son a kama shi yana son abu.

Ranar Laraba ya tafi Harami tun la'asar bai dawo ba sai bayan magariba. Ya zauna kusa da ni, abin da ba ya yi in yara suna nan. Sau biyu yana cewa, "Hajiya," in ce, "Na'am," ya ce, "Ba komai." Ni ina lissafin kofuna.

Ranar Alhamis da hantsi na shimfiɗa ledar cin abinci a falo, na ɗora tukunyar shinkafa, na jawo jarka tsakiyar kicin na fara tacewa a manyan kwanoni. Yaran sun tafi ɗauko Inna. Kicin ya cika da ƙamshin, ni dai ƙamshi nake ce masa a lokacin. Sai na ji mutum a bayana. Malam ne, bai je aiki ba, ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a kamar mai zuwa kotu.

"Ajiye matacin nan."

"Malam, baƙi suna hanya."

"Ki ajiye. Giya ce."

"Mun koma nan kuma? Wa ya gaya maka? In wannan abokin naka ne mai yawan karance-karance, ka ce masa..."

Ni da kaina na buɗe masa ƙofar fita, ka gani. Da ya ce e, wane ne ya faɗa, da na yi musu, da mun yi ta yi har la'asar, kuma ni na san halina, da na ci nasara. Shi ma ya san halina.

"Babu wanda ya gaya mini," ya ce. "Shekara shida na yi ina shan ta. Na san warinta kamar yadda kika san warin albasa. Wannan ma mai ƙarfi ce. Kofi uku za ta kwantar da Inna."

Matacin yana hannuna yana ɗiga a kan ƙafata, ban ji ba.

Bai dube ni ba, jarkar yake yi wa bayani. Ya ce ranar da mahaifiyarsa ta rasu an neme shi a tasha, an neme shi a gidajen abokai, ba a gan shi ba. Yana kwance a bayan wata rumfa a inda ake sayar da ita. Da ya farfaɗo ya isa gida, an riga an dawo daga maƙabarta, ana wanke tabarmi. Tun ranar bai sake kai ta baki ba. Ya sayar da abin da yake da shi ya taho nan, don ya ji an ce gari ne da ko warinta ba a ji. Da Baba ya tambaye shi, ya ga in ya faɗi gaskiya ba za a ba shi ni ba.

"Yanzu kin sani," ya ce. "In za ki gaya wa Inna, ki bari a gama walimarta."

Ina so in ce kuka na yi, ko na ba shi haƙuri da wata magana mai hikima. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kwana shida, Malam! Kwana shida ina ɗirka kana kallona! Har sallar walaha nake yi a kai!"

"Kwana shida ina neman bakin faɗa."

"Na yafe wa matar yaya tukunyata a banza!"

Ya ɗago ya dube ni. Ban san wanda ya fara ba, amma sai ga mu muna wata dariya mara daɗi, irin wadda hawaye yake biyo ta. Na goge fuska da gefen mayafi na ce maganar Baba da ƙaryar da ya yi masa tana nan, ban gama da ita ba, amma yanzu azahar ta kusa, ya kama wancan gefen jarkar.

Muka juye ta duka a magudanar banɗaki, muka bi ta da ruwa bokiti biyar da sabulun wanki. Abin da Malam ya ji wa tsoro tun ranar Talata shi ya faru. Gininmu tsoho ne, bututunsa ya bi ta gefen matakala, kuma ya daɗe yana yoyo a bene na ɗaya. Kafin a kira salla warin ya cika ginin daga sama har ƙasa.

Na tsaya a bayan ƙofa, na bar ta a ɗan buɗe. Ido ba ni da shi sosai, amma kunne Allah ya ba ni. Lokacin ne dattawan ginin suke saukowa zuwa masallaci, su uku, kullum tare. Akwai mai kiran sallar asuba in ladan ya makara, akwai tsohon tela da ya yi shekara arba'in yana ɗinka wa alhazai, akwai kuma mai goron nan da ba ya gaisawa da mace ko da baki. Na ji takun sandunansu ya tsaya cak a lokaci guda. Na ji an ja numfashi ta hanci, dogo, sau uku, daga ƙirji uku. Malam yana tsaye a matakala da bokiti a hannu.

Sai mai kiran salla ya yi gyaran murya.

"Bututu ne."

"Bututu ne, ya sheikh," in ji tela da sauri. "Na daɗe ina faɗa."

"Lalle bututu ne," Malam ya ce.

Mai goro ya sake jan hanci a hankali, kamar mai tuna wani gari. Ya ce, "Hmm. Ta kai mako biyu. An cika mata sukari." Sai ya farga. "Bututun nake nufi."

"Shi muke nufi gaba ɗaya, Alhaji," in ji tela. "Mu je kar a tayar."

Suka sauka su huɗu, babu mai kallon wani. Yaran ginin da suka wuce, haifaffun nan irina, toshe hanci kawai suka yi suna cewa wani ya zubar da ruɓaɓɓen lemo. Na rufe ƙofa na zauna a kan buhun shinkafa. Shekara da shekaru ina ɗauka garin nan cike yake da mutanen da ba su san ta ba, ashe rabin sahun gaba gudunta suka yi suka zo.

Na kunna turaren wuta a kasko uku. Na jiƙa zoɓo cikin gaggawa, Malam ya dawo daga masallaci da kwalayen lemo. Mata suka cika falo, Inna ta zauna a tsakiya da farin mayafi, ta karanta ƙarshen sura da muryarta mai rawa, muka yi ta kuka, malama ta yi addu'a. Da aka zo rabon abin sha sai aka fara waige-waige.

"Ina maganin gwiwar da aka cika mu da labarinsa?" in ji matar yayana. "Ni da ƙafa na hau benen nan saboda shi."

Na ce ya lalace, Malam ya sansana ya ce a zubar.

Inna ta ajiye kofinta. "Malam? Shi ina ya san lalatacce da mai kyau? Bawan Allahn da ko lemon kwalba sai ya karanta jikinsa kafin ya sha? Me ya ji a ciki?"

Mata talatin suka juyo suna jiran amsa. Ƙofar ɗakin ciki a buɗe take kaɗan, na san yana zaune a bakin gado, na san kuma yana ji. Ni mace ce da magana ba ta kwana a cikina, duk Tandabawi an shaida. Ga labari mafi daɗi da na taɓa samu a rayuwata, ga masu sauraro sun cika falo.

Na ce, "Inna, hanci ne Allah ya ba shi. Kowa da baiwarsa."

Inna ta gyaɗa kai ta dubi matan. "Kun ji ko? Mai tsoron Allah ko abinci ne ya kusa juyawa sai an nuna masa." Falo ya ɗauki masha Allah. Daga ɗakin ciki na ji tari ya sarƙe wani.

Da za a watse na ja malama gefe, na ce wata ce ta aiko ni da tambaya, ta sha abu kwana shida ba ta san mene ne ba, yaya sallolinta? Ta ce wanda bai sani ba babu laifi a kansa, ta dai kiyaye gaba. Sai ta rage murya ta ce in gaya mata daidai yadda waccan matar ta haɗa shi, da yawan sukarin, don ta gargaɗi sauran mata. Na ce waccan matar ta manta.

Maganar Baba kuwa mun yi ta, ba rana ɗaya ba. Na yi kwana uku ina ajiye masa abinci ba tare da na ce ga shi ba. A rana ta huɗu na tambaye shi sunan mahaifiyarsa cikakke, don shekara ashirin da shida bai taɓa son a yi zancenta ba, ni kuma na ɗauka rashin son surutu ne. Ya faɗa mini. Da Juma'a ta zagayo na sa ya kai ni Harami, gwiwar tana ihu, na yi mata ɗawafi a hankali yana riƙe da hannuna. Inna ta rasu bayan shekara biyu tana yi masa kirarin da ta saba, ban taɓa gyara mata ba.

Na daina cewa mijina ko mai kama da ita ba ya iya kallo. In mata suka tayar da zancen, sai in tashi in duba tukunya. Gwiwa kuma ta dawo da ciwonta har da ƙari, kuma in zan faɗi gaskiya, duk man shafawa da allurar da aka yi mini tun daga lokacin babu wanda ya kama ƙafar wancan makon. Na faɗa wa Malam haka sau ɗaya, ya ce shi ma abin da ya ɗauka ke nan shekara shida.

Yanzu duk azumi in na jiƙa subiya, ba ta zuwa kan ledar buɗa-baki sai ta bi ta hannunsa. In kai masa kwanon, ya rufe ido, ya sansana, yara da jikoki sun yi shiru suna kallon baiwar kakansu. Wani lokaci ya ce, "Ta yi." Wani lokaci ya ce, "Wannan a shanye ta yau, kar ta kwana." Ni kuma daga bakin kicin in ce, "Allah ya ƙara basira, Malam." Shi kuma ya miƙo mini kwanon yana kallon bango.